Gidan Fugger: Attajiran Augsburg da Suka Bi Sarakunan Turai Bashi

Fugger sunan wani gidan attajirai ne na birnin Augsburg da ke kudancin Jamus, waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen ƙarni na 15 zuwa tsakiyar ƙarni na 16. Da saƙa suka fara, suka koma fataucin yadi, daga nan suka shiga haƙar azurfa da jan ƙarfe da bai wa sarakuna rance. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Jakob Fugger (1459–1525), da ake yi wa laƙabi da Mai Arziki. Manyan sauye-sauye uku na Turai a wancan zamani, wato bunƙasar kasuwancin kuɗi, da darewar cocin Yamma gida biyu, da ɗaukakar gidan sarautar Habsburg, duk sun bar sawu a littattafan lissafin wannan gida.

Asali

A shekarar 1367 wani masaƙi mai suna Hans Fugger ya baro ƙauyen Graben ya zauna a Augsburg. Sana'ar da ke ci a lokacin ita ce saƙar wani yadi mai haɗin auduga da lilin. Auduga ba ta fitowa a Jamus. Daga gabashin Bahar Rum ake kawo ta Venice, sannan a yi dakonta a tsallako duwatsun Alps. Saboda haka wanda ke da jarin sayen auduga shi ke juya masaƙa, kuma can Hans ya karkata: ya ba masaƙa kayan aiki, ya karɓi yadi, ya kai kasuwa.

Sau biyu mata ne suka riƙe dukiyar gidan bayan rasuwar mazajensu, matar Hans da kuma Barbara Bäsinger, mahaifiyar Jakob, wadda ta tafiyar da kasuwancin daga 1469. Ba a cika ambatonsu ba, amma a hannunsu jarin ya ƙaru, bai ragu ba.

Gidan ya rabu reshe biyu, masu tambarin barewa da masu tambarin fure. Reshen barewa ya karye a ƙarshen ƙarni na 15 saboda bashin da ya kasa karɓowa. Reshen fure, wanda Frederick na Uku, sarkin Daular Rum Mai Tsarki (daular da ta haɗa ƙasashen Jamus a lokacin), ya ba tambari a 1473 bayan sun tufatar da tawagarsa, shi ne tarihi ya riƙe. Tun yana saurayi aka tura Jakob Venice, ya zauna a masaukin fataken Jamus da ke kusa da gadar Rialto, ya koyi tsarin lissafin Italiyawa wanda ake rubuta kowace mu'amala sau biyu, a shafin shiga da shafin fita.

Azurfar Tyrol da jan ƙarfen Hangari

Sirrin arzikin Jakob yana cikin irin jinginar da yake karɓa. A ƙasar Tyrol da ke cikin duwatsun Alps, garin Schwaz na daga cikin manyan wuraren haƙar azurfa na Turai, kuma mai mulkin ƙasar yana da haƙƙin sayen azurfar da aka haƙo a kan farashin da bai kai na kasuwa ba. Mai mulkin, Sigismund na gidan Habsburg, mutum ne mai facaka. Ya shiga yaƙi da Venice a 1487, ya fito da bashi har wuya. A 1488 Fugger suka ba shi rancen gulden 150,000 (gulden kuɗin zinariya ne na wancan zamani), da sharaɗin a biya su da azurfar Schwaz a wancan farashi mai rahusa, su kuma su sayar a kasuwa. Abin ya yi kama da manomin da ya ci bashi da damina a kan hatsin da bai girbe ba: da kaka ta yi, mai bin bashi ne ke auna buhu da farashin da aka yanke tun lokacin yunwa. Tsarin yana da wata fa'ida. Dokar coci ta haramta kuɗin ruwa, a nan kuwa babu kuɗin ruwa a rubuce, ciniki ne kawai na azurfa.

A 1490 Sigismund ya sauka ya miƙa Tyrol ga Maximilian, wanda daga baya ya zama sarkin Daular Rum Mai Tsarki. Shi ma bai taɓa wadatuwa da kuɗi ba, saboda yaƙe-yaƙensa sun fi aljihunsa girma. Ya gaji ƙasa, ya gaji mai ba da rance.

A 1494 Jakob ya haɗa jari da Johann Thurzo, wani masanin aikin ma'adinai, suka kama ramukan jan ƙarfe na Neusohl a arewacin masarautar Hangari, garin da yau ake kira Banská Bystrica a Sulobakiya. Jan ƙarfen wurin yana ɗauke da azurfa a cikinsa. Sai a narka shi tare da darma, darmar ta janye azurfar, a sake raba su, a samu ƙarfe biyu daga dutse ɗaya. Ana kai jan ƙarfen Venice, ko a bi da shi ta tashoshin tekun Baltic zuwa Antwerp, inda wakilan sarkin Fotugal ke saye su loda wa jiragen da ke zuwa Indiya da gaɓar Afirka. A 2008 masu haƙar lu'ulu'u a gaɓar tekun Namibiya suka ci karo da ɓaraguzan wani jirgin Fotugal da ya nutse a 1533, cike da curin jan ƙarfe masu ɗauke da hatimin Fugger, alamar mashi mai baki uku. A 1548 kuma gidan ya ƙulla yarjejeniyar samar wa Fotugal mundaye na tagulla don ciniki a Elmina, ta Ghana a yau, da sauran gaɓar Gini, inda ake musayarsu da zinariya da bayi.

Kuɗin coci

Fugger suna da ofis a Roma. Aikinsu shi ne isar da kuɗaɗen da majami'un Jamus da Poland da Hangari da ƙasashen arewa ke aika wa fadar Fafaroma, ta hanyar takarda maimakon a ɗora tsabar kuɗi a kan alfadari a bi hanyar da ke cike da 'yan fashi. Sun taimaka da kuɗin ɗaukar dakarun Suwizalan na farko da suka fara gadin Fafaroma a 1506, kuma sun yi shekaru suna kula da gidan buga kuɗinsa.

Mu'amalar da ta fi jawo musu suna ita ce ta Albrecht na Brandenburg. Yana babban bishof na Magdeburg kuma mai riƙon Halberstadt, sai ya samu kujerar Mainz a 1514, bai ko cika shekara 25 ba. Haɗa muƙamai irin wannan ya saɓa wa dokar coci, sai da izini na musamman, izinin kuma da tsada. Albrecht ya ranto kuɗin daga Fugger. Don ya samu abin biya, Fafaroma Leo na Goma ya amince a sayar da takardun gafara a yankunansa. A aƙidar Katolika, irin wannan takarda tana rage horon da ya saura a kan wanda ya riga ya tuba, ko a duniya ko bayan mutuwa. An sanar wa jama'a cewa kuɗin na ginin majami'ar Saint Peter ne a Roma, alhali rabi ne ke zuwa can, rabi kuwa na biyan bashin Albrecht ne. Mai wa'azi Johann Tetzel yana zaga garuruwa da akwatin tara kuɗi, wakilin Fugger na biye, ba a buɗe akwatin sai yana tsaye yana rubutawa.

Wannan ciniki ne Martin Luther, malamin addinin Kirista na Jamus, ya soka a batutuwansa 95, waɗanda ya aika wa Albrecht ranar 31 ga Oktoba 1517. Wuce gona da iri ne a ce Fugger suka haddasa rabuwar coci. Batutuwan ba su ambaci sunansu ba, kuma abin da ya dami Luther tambaya ce ta aƙida: shin ana sayen gafara? Sai dai bashinsu ne ya sa aka matsa wa cinikin lamba a daidai wannan yanki, a daidai wannan lokaci. A Oktoban 1518, a cikin gidan Fugger na Augsburg ne Kadinal Cajetan, wakilin Fafaroma, ya titsiye Luther ya janye maganarsa, ya ƙi.

Jakob ya kuma sa hannu a muhawarar kuɗin ruwa. Ya goyi bayan malamin addini Johann Eck, wanda ya je Bologna a 1515 ya kare halaccin ribar kashi 5 cikin 100 a kan jarin da aka saka a kasuwanci. Eck ɗin nan ne ya kara da Luther a Leipzig a 1519. Luther kuwa, a rubutunsa na 1520 ga sarakunan Jamus, ya nemi a sa wa Fugger da ire-irensu linzami.

Zaɓen 1519

Sarautar Daular Rum Mai Tsarki ba ta gado ba ce kai tsaye. Tun dokar 1356, masu zaɓen sarki bakwai ne ke naɗawa: manyan bishof uku da sarakuna huɗu. Da Maximilian ya rasu a Janairun 1519, jikansa Charles, sarkin Sifaniya, da Francis na Ɗaya na Faransa suka nemi kujerar. Masu zaɓe suka ga kasuwa ta buɗe. Ɓangaren Charles ya kashe kimanin gulden 850,000, mafi yawa toshiya ga masu zaɓe da fadawansu. Jakob shi kaɗai ya kawo sama da 540,000, gidan Welser na Augsburg da wasu bankunan Italiya suka cika sauran. Albrecht na Mainz, mai tsohon bashi, yana cikin bakwai ɗin. Aka zaɓi Charles na Biyar a Frankfurt ranar 28 ga Yuni 1519.

Biyan bashin ya yi ta jan ƙafa. A 1523 Jakob ya rubuta wa sarkin wasiƙar da ta shahara, yana tuna masa cewa ba don taimakonsa ba da bai samu rawanin ba, kuma da ya so da ya koma bayan Faransa. Ba kasafai talaka, ko da attajiri ne, ke yi wa sarki irin wannan magana ba. An biya wani kaso da ma'adinan Tyrol. A 1525 kuma aka ba gidan hayar kuɗin shigar filayen ƙungiyoyin mayaƙan addini uku na Sifaniya, Santiago da Calatrava da Alcántara, haɗe da ramin zaiba na Almadén. Da aka gano a shekarun 1550 cewa ana iya tace azurfar Meziko da zaiba, ramin ya ƙara daraja, kuma ya daɗe a hannunsu har 1645.

Zargin babakere da unguwar talakawa

Jama'a ba su ƙaunaci manyan kamfanoni ba. Farashin kaya na hawa, ana ɗora musu laifi. Majalisar daula da ta zauna a Nuremberg a 1522 da 1523 ta tattauna ƙayyade jarin kowane kamfani a gulden 50,000, aka kuma shigar da ƙarar Fugger kan babakere. Konrad Peutinger, magatakardan birnin Augsburg, ya kare su da hujjar cewa neman riba ba laifi ba ne kuma ƙasa na amfana. Abin da ya kashe maganar dai shi ne umarnin Charles, wanda ba zai bari a taɓa mai bin sa bashi ba. A 1525 manoman Jamus suka yi tawaye, Fugger suka ba rundunar da ta murƙushe su kuɗi. A shekarar ce ma'aikatan Neusohl suka tayar, gwamnatin Hangari ta ƙwace ramukan na wani lokaci. Jakob ya rasu ranar 30 ga Disamba, bai bar ɗa ba. Lissafin da magadansa suka yi a 1527 ya nuna jarin ya kai kusan gulden miliyan 2, daga kimanin 200,000 a 1511.

An binne shi a ɗakin ibadar da ya gina a majami'ar Saint Anna. Shi ɗan Katolika ne na a-mutu, majami'ar kuwa ta koma hannun mabiya Luther, kuma tana hannunsu har yau.

Tun 1516 ya fara gina wata unguwa mai ganuwa a Augsburg don talakawan birni, ya tabbatar da ita da takardar waƙafi a 1521. Sunanta Fuggerei. Sharuɗɗan zama su ne mutum ya kasance ɗan Katolika, mazaunin Augsburg, mabuƙaci mai mutunci, ya biya hayar gulden 1 a shekara, ya kuma yi wa masu waƙafin addu'a uku kullum. Unguwar tana nan da gidaje 67 da mazauna kimanin 150, hayar shekara ba ta kai yuro 1 ba, kuma ana rufe ƙofofinta da ƙarfe 10 na dare.

Anton Fugger da ja da baya

Ɗan ɗan'uwansa, Anton Fugger (1493–1560), ya karɓi ragama. A zamaninsa jarin ya kai kusan gulden miliyan 5 a 1546, amma zaman ya yi wuya: birninsa ya bi Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga cocin Katolika, babban abokin cinikinsa kuma shi ne jagoran Katolika. Ya ba Charles kuɗin yaƙar sarakunan Furotesta a 1546 da 1547, sannan ya je ya roƙa wa Augsburg afuwa. A 1552, da Maurice na Saxony, ɗaya daga sarakunan Furotesta, ya kori Charles daga Innsbruck, Anton ne ya same shi a Villach da sabon rance. Rikicin ya ƙare da sulhun Augsburg na 1555, wanda ya ba kowane sarkin yanki ikon zaɓar wa ƙasarsa Katolika ko tafarkin Luther.

Kafin nan ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin gidan. Ramukan Tyrol sun fara ƙarewa, barazanar Daular Usmaniyya ta sa sun fice daga Hangari a 1546, azurfar Amurka kuma ta cika kasuwa, musamman bayan gano dutsen azurfa na Potosí, a Bolibiya ta yau, a 1545. Rancen da da ake jingine wa ƙarfen da ke hannu ya koma dogaro da alƙawarin baitulmalin Sifaniya. A 1557 Philip na Biyu, ɗan Charles kuma sarkin Sifaniya, ya dakatar da biyan basussuka, aka mai da su takardun gwamnati masu ƙaramar riba, kuma aka maimaita hakan a 1575 da 1596 da 1607. 'Yan bankin Genoa suka karɓe matsayin manyan masu ba Sifaniya rance. Kamfanin bai faɗi rana ɗaya ba, ya yi ta raguwa har ya daina aiki a tsakiyar ƙarni na 17.

Iyalin dai ba su talauce ba, saboda tun 1507 suke zuba riba a sayen filaye. Jakob ya sayi Kirchberg da Weissenhorn daga Maximilian, ya samu sarauta, Anton ya ƙara da Babenhausen. Zuriyar gidan suka zama masu sarauta da manyan limaman coci da hafsoshin soja. Biyu daga cikinsu, Philipp Eduard da Octavian Secundus, sun tara rahotannin da ake rubutowa da hannu daga biranen Turai tsakanin 1568 da 1605, kan farashi da yaƙi da labaran fada. Tarin yana ɗakin karatu na ƙasa a Vienna, kuma masu binciken asalin aikin jarida na amfani da shi.