Ka je ba ɗan uwanka ƙoda, sai gwaji ya gano wani abu a jikinka

A Najeriya kusan duk ƙodar da ake dasawa daga mai rai take fitowa: ƙane, 'yar uwa, ɗa, ko miji da mata. Tun 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke wannan aiki. Abin da iyalai ba sa shirya wa shi ne ranar da likita zai kira wanda ya zo taimako gefe, ya ce masa shi ma akwai maganar da za a yi game da lafiyarsa.

Ni da nake jin garau, me ya kawo wannan tarin gwaje-gwaje?

Domin tiyata ce za a yi maka wadda jikinka ba ya bukata, kuma da ƙoda ɗaya za ka ƙarasa rayuwarka. Ana duba rukunin jini da dacewarsa da na mara lafiya, ƙarfin tacewar ƙoda, fitsari, suga, hawan jini, zuciya, ciwon hanta da cutar HIV, sannan a ɗauki hoton CT na ciki. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa yin irin wannan bincike ba tun da aka haife mu, to ba mamaki a ci karo da abin da ya daɗe a kwance. Ka'idar da KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ta fitar a 2017 ta ce idan ma'aunin tacewar ƙoda ya kai 90 babu damuwa, tsakanin 60 da 89 sai an duba shekaru da sauran lafiyar mutum, ƙasa da 60 kuwa ba a karɓa.

Me aka fi ganowa?

Hawan jini da suga ne kan gaba, su ne kuma manyan masu lalata ƙoda. Dukansu kan yi shekaru ba su nuna alama ba. Mutum na iya zuwa yana tafiya da ƙafarsa, awo ya nuna jininsa ya haura 140/90. Shi ya sa wasu asibitoci kan ɗaura masa na'urar awo ta kwana guda, don a tabbatar ba fargabar ganin likita ba ce kawai. Ciwon hanta nau'in B ma yana fitowa sosai a yankinmu.

Sai kuma jinin da ido ba ya gani a fitsari. Wanda ya taso yana wanka a kududdufi ko aikin noman rani cikin ruwa, tsargiya ce abin da za a fara zargi, kuma maganinta mai sauƙi ne. Amma yana iya zama alamar ciwo a matatar ƙodar kanta, wani lokaci na gado. Idan ba a gano dalili ba, akan kai ga tsakuro ɗan naman ƙodar da allura a duba.

Hoton cikin fa?

Nan ne aka fi tsorata mutane, alhali mafi yawan abin da ake gani ba abin tashin hankali ba ne. 'Yar jakar ruwa guda a jikin ƙoda abu ne da ke zuwa da shekaru. Jijiyar jini biyu maimakon ɗaya halitta ce, sai dai ta sa likitan tiyata ya sauya ƙodar da zai ɗauka. Ƙaramar tsakuwa ɗaya ba lallai ta hana ba, amma tsakuwa a ɓangarori biyu, ko wadda ke yawan dawowa, tana hanawa. Ka'idar ita ce ƙodar da ta fi lafiya a bar wa mai ita.

Akwai kuma wanda sai a ranar zai san cewa da ƙoda ɗaya aka haife shi, ko kuma biyun a haɗe suke ta ƙasa. Jefi-jefi akan ga ƙari a ƙoda, ko wani ɗan tabo a gindin huhu. Sankarar ƙoda da aka kama tana ƙarama, kafin ta fara ciwo, yawanci tiyata na raba mutum da ita. Wannan mutumin ya zo ceton wani ne, Allah ya nufa shi za a fara ceta.

An ce idan ciwon na gado ne, ɗan uwa ma yana cikin haɗari. Haka ne?

Haka ne, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Ciwon da ke cika ƙoda da jakunkunan ruwa, idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonsa. Sannan a 2010 masana suka gano wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka fi yawa ga mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu a Amurka. Wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi na sauran mutane, ko da yake mafi yawansu ba sa kamuwa. Masu jinin AS kuma, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila guda ɗaya, asibitoci sun sha bamban a kansu: wasu na karɓa bayan bincike, wasu ba sa karɓa. A ganina matashi ɗan shekara 25 ya fi cancantar a tsananta masa bincike fiye da dattijo ɗan 55, domin shekarun da ke gabansa sun fi yawa.

Gaskiya ne gwajin na iya tona cewa uba da ɗa ba jini ɗaya ba ne?

Yana faruwa, ko da yake ba don haka ake yin sa ba. Gwajin dacewar nama yana duba alamomin da ɗa ke gada rabi daga uwa rabi daga uba. Wasu asibitoci suna faɗa, wasu ba sa faɗa sai an nema. Ka tambayi tsarinsu kafin a ɗebi jininka. Ta fuskar likitanci wannan ba ya hana dashe, tunda miji ma yana ba matarsa.

Iyalina za su ji abin da aka gano?

Bai kamata ba sai da izininka. Sirrinka naka ne, ko da mara lafiyan mahaifinka ne kuma shi ke biyan kuɗin gwajin. Abin da za a faɗa wa dangi shi ne ba ka dace ba, shi ke nan. Haka kuma kana da damar janyewa har ranar tiyata. Ina roƙon iyalai su daina tsare mutum da “me suka ce?”, ko yi masa kallon wanda ya yi rowa. Wanda aka ce bai dace ba yana komawa gida da nauyi biyu, labarin ciwonsa da kuma ganin ɗan uwansa zai ci gaba da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako.

To yanzu sai me?

Karɓi kwafin duk sakamakon, har da faifan hoton, ka nemi a tura ka wurin likitan da ya dace. Tambayi ko hanin na dindindin ne ko na ɗan lokaci, domin wanda ƙiba, taba ko tsargiya ta hana, ana iya sake duba shi bayan ya gyara. Idan abin na gado ne, sauran 'yan ɗakinku su je a auna musu jini da fitsari, ko da ba su da niyyar ba da ƙoda.