Waiwaye: Yadda nas mai shekara goma a bakin aiki ta koma 'yar aji biyu a jami'a

Tun bayan yajin aikin gargaɗin da ma'aikatan jinya suka shiga a ƙarshen watan Yulin 2025, hirar nas-nas ba ta wuce abu uku: albashi, ficewa ƙasashen waje, da maganar digiri. Ta ukun ce ta fi ɗaukar zafi. Mai takardar makarantar jinya ta asibiti na ganin an raina gogewarta, mai digiri na ganin ana son a daidaita ta da wadda ba ta taka jami'a ba, ga kuma masu babbar difloma sun shigo tsakiya. Yaran yanzu sun ɗauka sabuwar rigima ce, alhali ta girmi yawancin masu yin ta.

Farkon labarin sananne ne. An kafa hukumar ungozoma a 1930, ta nas-nas a 1947, makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan ta buɗe a 1952, sannan aka haɗe hukumomin biyu a 1979. Tsarin daga Ingila aka kwaso shi: makaranta a jikin asibiti, shekara uku, ɗaliba na koyo a gefen gadon majinyaci. Ya fitar da ƙwararru, babu mai musun haka. Sai dai abin da ake ba su a ƙarshe lasisin aiki ne, ba takardar da jami'a ta saba aunawa ba.

Wurin da aka fi tsallakewa shi ne tsakanin 1965 da 1973, kuma a ganina nan gizo yake saƙa. A 1965 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, digirin jinya na farko a Najeriya. Abin lura shi ne waɗanda aka buɗe wa shi. Ba yaran da suka gama sakandare ba ne. Nas-nas ne masu rajista, waɗanda suka riga suka ci kwakwa a ɗakunan marasa lafiya, ana so a mayar da su malamai da shugabanni. Wato digirin jinya a ƙasar nan an haife shi ne a matsayin ƙarin karatu ga mai aiki. Darussansa sun fara daga inda makarantar asibiti ta tsaya, ba wanda ya zauna yana koya wa wadda ta karɓi haihuwa ɗari yadda ake gwada hawan jini.

A 1973 Jami'ar Ife ta fito da wani salon: a ɗauki ɗalibi kai tsaye daga sakandare, ya fita da digiri da lasisi tare. Tunani ne mai kyau, domin sana'ar na buƙatar tushen kimiyya tun daga fari, kuma duniya can ta dosa. Da tafiya ta yi tafiya, wannan salo na shekara biyar ya zama shi ne ma'auni a jami'o'i, Ibadan ma ta koma kansa. Amma makarantun asibiti ba su rufe ba, sun ci gaba da yaye mafi yawan nas-nas ɗin ƙasar. Aka wayi gari da hanya biyu zuwa lasisi ɗaya, gadar da ke tsakaninsu kuwa, wadda ita aka fara ginawa, ta yi ta ƙanƙancewa ba tare da an zauna an yanke shawarar rushe ta ba. Mai aiki ta tashi daga wadda aka gina shirin dominta, ta koma baƙuwar da ake nema wa gurbi.

Gurbin shi ne aji biyu, wato ta fara daga shekara ta biyu a karatun digirin. A lissafa: shekara uku a makarantar jinya, wata goma sha takwas na ungozomanci ga wadda ta ƙara, sai shekara huɗu a jami'a. Shekara takwas da rabi ke nan don digirin da ƙanwarta za ta samu a biyar. Ingilar da muka kwaikwaya ta mayar da karatun jinya jami'o'i, daga 2013 ta ce sabon nas sai da digiri, amma tsofaffin hannu ta bar musu gajeren zangon cike gibi mai lissafa abin da suka riga suka karanta.

Buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa (NOUN) da shirin karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello sun rage raɗaɗin, domin aƙalla ba sai an ajiye aiki ba. Duk wanda ya taɓa jinyar wani da daddare zai iya ganin yadda ake wannan karatu: ƙarfe uku na dare, nas ta canja ledar ƙarin ruwa, ta rubuta a fayil, ta koma kan kujera ta buɗe darasi a waya tana lallaɓa data. Ranar jarrabawa sai ta roƙi abokiyar aiki su yi musayar duti, ta biya da kwana biyu a jere. A ƙananan asibitocin karkara a Arewa, inda nas biyu ko uku ke riƙe da wuri gaba ɗaya, izinin tafiya ƙaro karatu ma abu ne mai wuya, domin in ta tafi ɗakin haihuwa ne zai zama babu kowa. Ga miji, ga 'ya'ya, ga kuɗin makaranta daga albashin da bai kai ƙarshen wata.

Sauya makarantun jinya zuwa kwalejoji masu ba da ƙarama da babbar difloma ya bai wa sababbin ɗalibai takardar da tsarin ilimi ya sani. Waɗanda suka fita kafin sauyin kuwa, waɗanda su ne ke koya wa sababbin yadda ake neman jijiya a hannun jariri, takardarsu na nan yadda take, kuma ƙofarsu har yau aji biyu ce.