Karuwanci, fina-finan batsa da fataucin mata: me masana halayyar ɗan Adam suka gano?

Wane irin bincike ne wannan?

Da can in likitoci suka zauna kan maganar karuwanci, cututtukan jima'i ne a gabansu, damuwarsu kada matar ta shafa wa wani. Daga shekarun 1970 wasu mata masana a Amurka, masu rajin kare haƙƙin mata, suka juya tambayar: ita fa matar, me wannan rayuwa take yi wa jikinta da zuciyarta? Wadda ta fi yin suna a wannan fage ita ce Melissa Farley, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ta kafa cibiyar bincike kan karuwanci a San Francisco a 1995.

Me ta gano?

A 2003 ita da abokan aikinta suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 854, akasarinsu mata, a ƙasashe tara: Amurka, Kanada, Mekziko, Kolombiya, Jamus, Turkiyya, Tailan, Afirka ta Kudu da Zambiya. Kashi 71 cikin 100 sun ce an taɓa dukansu a cikin harkar, kashi 63 an yi musu fyaɗe. Kashi 89 sun ce so suke su bari amma ba su ga hanyar cin abinci ba. Adadin da ya fi jan hankali shi ne kashi 68 da aka samu da alamun ciwon firgita, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, irin wanda ake gani ga sojojin da suka dawo daga fagen daga.

Yaya wannan ciwon yake a zahiri?

Ba hauka ba ne, kuma mai shi tana iya yin kwalliya ta yi dariya kamar kowa. Barci ne ba ya zuwa, in ya zo kuma sai mugun mafarki. A buga ƙofa da ƙarfi gabanta ya faɗi. Ta ji ƙamshin wani turare a cikin mota sai jikinta ya hau rawa, abin da ya faru shekara biyar baya ya dawo mata kamar yanzu ake yi.

Akwai kuma wani abu da matan ke yawan faɗa wa masu bincike, wato raba jiki da hankali. Mace ta kwanta ta ƙura wa rufin ɗaki ido tana lissafin kuɗin haya, ta bar jikin can kamar na wata. Ta laƙaba wa kanta wani suna na aiki. Ta hana a sumbace ta, don a bar mata wani abu da zai zama nata. Ta sha giya ko ƙwaya kafin baƙon farko ya shigo. Dabara ce ta kare kai, kuma tana aiki a lokacin. Matsalar ita ce ba ta tsayawa a bakin ƙofa: sai ta bi matar har gida, ta kasa jin daɗin kusantar wanda take so, wani lokaci ma ta rungumi ɗanta ba ta ji komai ba.

Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ta yi bayani a 1992 cewa azabar da ake maimaitawa a kan wanda ba shi da hanyar gudu tana barin tabo dabam da na hatsari guda. Tana taɓa yadda mutum ke kallon kansa, ta cika shi da kunya, ta hana shi yarda da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan nau'in ciwon firgita cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022.

Kowa ya yarda da waɗannan alƙaluma?

A'a. Ronald Weitzer, masanin zamantakewa a Jami'ar George Washington, ya daɗe yana sukar aikin Farley. Hujjarsa: da yawa daga waɗanda aka tambaya a bakin titi aka same su ko a wuraren ba da agaji, wato inda wahala ta fi tsanani, don haka ba za a ɗora sakamakon a kan kowa ba. A 2010 wata alƙaliya a lardin Ontario na Kanada, Susan Himel, ta rage wa shaidar Farley nauyi a wata shari'a kan dokokin karuwanci, tana ganin fafutukarta ta shiga cikin ra'ayinta. Ga kuma wani ƙulli: da yawan matan an ci zarafinsu tun suna yara, to wane rauni ne na ƙuruciya, wanne ne na karuwancin?

A ganina sukar tana kan hanya, amma ba ta kai inda wasu ke son kai ta ba. Ta hana a ce duka kanwar ja ce. Ba ta goge dukan da waɗancan ɗaruruwan suka sha ba.

Fina-finan batsa fa?

Nan ƙafar binciken ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Tun 1983 marubuciya Andrea Dworkin da lauya Catharine MacKinnon suka tsara wa birnin Minneapolis na Amurka dokar da za ta ba macen da batsa ta cutar damar kai ƙara. Magajin gari ya ƙi sa hannu, irinta da birnin Indianapolis ya yi kuma kotu ta rushe ta. A 2010 Ana Bridges da abokanta suka duba fitowa 304 daga fina-finan da aka fi nema, suka samu mari, shaƙewa da makamantansu a kashi 88, kusan kullum a kan mata. Wannan ya nuna abin da ke cikin fim ɗin. Ko kallon ne ke sa namiji cin zarafi, ko mai mugun hali ne ke neman irinsa, har yau ana ja-in-ja. Masanin halayyar ɗan Adam Neil Malamuth ya nuna haɗarin ya fi taruwa ga mazan da dama can suke da ƙiyayyar mata a zuci.

Ina bambancin karuwanci da fataucin mata?

Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 ta ce fatauci shi ne ɗaukar mutum ko kai shi wani wuri ta hanyar tilas, yaudara ko cin gajiyar rauninsa don a ci da guminsa. Cathy Zimmerman, mai bincike a Landan, ta yi nazarin mata 192 da aka ceto a Turai, kashi 95 sun ce an dake su ko an yi musu fyaɗe a hannun masu fataucin.

Wannan kam ya biyo ta ƙofarmu, domin ta Agadez aka riƙa bi da 'yan mata zuwa Libiya. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga matan Najeriya sama da 11,000 da suka isa Italiya ta teku a 2016, ta ƙiyasta kusan kashi 80 na iya zama waɗanda aka yi fataucinsu. Da yawa daga jihar Edo suke, kuma abin da ke riƙe su ba sarƙa ba ce. Kafin tafiya akan kai yarinya gidan tsafi, a yanki gashinta da farcenta, ta rantse za ta biya madam, wato uwar ɗakin da za ta yi wa karuwancin, bashin dubban yuro, in ta saɓa ta mutu ko ta haukace. Shi ya sa a Maris 2018 Oba na Benin, wato sarkin masarautar Benin da ke jihar Edo, Ewuare II, ya tara bokaye ya warware irin waɗannan rantsuwoyi a bainar jama'a.

Binciken ya taɓa doka?

Ƙwarai. Suwidin ta fara hukunta mai saye ta ƙyale mai sayarwa a 1999. Norway ta bi a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016. New Zealand kuwa ta cire hukunci gaba ɗaya a 2003, Amnesty International ta goyi bayan irin wannan tsari a 2016, bisa hujjar cewa farautar masu saye na kora matan zuwa lungu. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji, amma babu ɗaya a cikinsu da ke neman a kama matar a kai ta kurkuku.