Sankarar ƙoda da ta bazu zuwa fituwitari

Fituwitari wani ɗan ƙulli ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake ba, yana zaune cikin ramin ƙashi dab da inda jijiyoyin gani biyu suke gittawa. Shi ke ba wasu ƙullayen jiki umarnin fitar da sinadaransu. Ba kasafai sankara daga wani wuri take isa gare shi ba, kuma in ta isa, galibi ta nono ce ko ta huhu. Ta ƙoda tana da wani hali nata: takan ɓullo a nan bayan an cire ƙodar da shekaru, har goma ko fiye, lokacin da majinyacin ya manta da aikin.

Alamominta sun haɗa da ciwon kai, kasala, da dushewar gani ta gefen waje na idanu biyu, har mutum ya riƙa bangazar bakin ƙofa. Wani lokaci akwai ƙishirwa marar yankewa da fitsari fari kamar ruwa, fiye da lita 3 a wuni. A Garwa ko Injamena, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ana ɗora wannan kan yanayi ko ciwon suga. Gwajin suga kuwa yakan fito lafiya lau.

Hoton MRI, wanda likitocin Kamaru da Chadi ke kira IRM, yana nuna ƙarin, amma yakan yi kama da ƙari marar illa da aka saba gani a wurin. Saurin girma da cin ƙashi su ke sa a yi zargi. Tabbaci sai an ɗebo tsokar an duba. Tabon tiyata a kwiɓi ma abin tambaya ne, don yana iya nuna an taɓa cire ƙoda.

Kafin komai ana maye sinadaran da suka ragu saboda ƙarin ya lalata fituwitari, kuma jerin yana da muhimmanci. Hydrocortisone, madadin sinadarin ƙullin da ke saman ƙoda, ake fara bayarwa, miligiram 15 zuwa 25 a wuni, sannan levothyroxine, madadin sinadarin ƙullin maƙogwaro. In aka juya, ƙarfin jini na iya faɗuwa majinyaci ya suma. Yawan fitsarin ma kan fito fili ne bayan an fara hydrocortisone, sai a ba da desmopressin, maganin rage fitsari, ana auna gishirin jini, don in maganin ya yi yawa ruwa na taruwa gishirin ya sauka.

Tiyata ta hanci ake yin ta, don a sauke wa jijiyoyin gani nauyi. Ƙarin na zubar da jini sosai, da wuya a kwashe shi duka. Ragowar ana gasa shi da haske mai kashe sankara, a haɗa da magunguna irin sunitinib ko nivolumab. Majinyatan arewacin Kamaru akan tura su kudu, irin Babban Asibitin Duwala, domin a gasa ƙarin da haske.