Yadda Amurka ke biyan kuɗin karatun manyan nas-nas don su yi aiki a karkara

A ƙananan garuruwan yammacin Kansas ko gabashin Montana, idan ka kai yaro mai zazzaɓi ɗakin shan magani, sau da yawa wadda za ta duba shi nas ce da ta yi digiri na biyu. Ita za ta saurari ƙirjinsa, ta aika a gwada jini, ta rubuta magani. A jihohi fiye da 25 doka ta ba irinta damar yin haka ba tare da sa hannun likita ba. Wannan aiki ya samo asali ne a Jami'ar Colorado a 1965, inda Loretta Ford da Henry Silver suka fara horar da nas-nas don su kula da yara a wuraren da likitoci suka yi ƙaranci. Akwai kuma 'yan uwan wannan babbar nas: ungozoma mai babban digiri, da mai yi wa majiyyaci allurar barci kafin tiyata, wadda a asibitocin karkara da dama in ba ta nan ba a shiga ɗakin tiyata.

Karatun nan yana da tsada, karkara kuma ba ta biyan abin da birni ke biya. To wa zai ɗauki nauyi?

Tushen dokar shi ne sashe na 8 na Dokar Kula da Lafiyar Jama'a, wanda aka kafa a 1964 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Hukumar HRSA, da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, ita ke raba kuɗin. Kafin ta ba da ko sisi, sai ta tantance inda ake da ƙarancin ma'aikata. Ma'auninta na asali shi ne a samu mutum 3,500 ko fiye a kan likita ɗaya, ko 3,000 idan buƙatar yankin ta yi tsanani. Daga nan sai a ba wa yankin maki, kuma inda makin ya fi yawa nan ake fara dubawa.

Shirin Nurse Corps, ɗaya daga cikin shirye-shiryen HRSA, yana da ƙofa biyu. Ɗaliba na iya shiga tun tana makaranta: a biya mata kuɗin karatu, a riƙa ba ta na kashewa kowane wata, ita kuma ta yi alkawarin aikin aƙalla shekara 2 a cibiyar da ke fama da ƙarancin ma'aikata. Wadda ta riga ta gama da bashi a wuyanta kuwa, idan ta yi shekara 2 a irin wannan cibiya za a biya mata kashi 60 cikin ɗari na bashin, in ta ƙara ta uku a ƙara kashi 25. Sai dai ana cire haraji daga kuɗin. Shirin National Health Service Corps, wanda aka kafa a 1970, shi ma yana biyan bashin karatu, kuma nasa ba haraji, amma 'yan ƙasa kaɗai yake karɓa, alhali Nurse Corps na karɓar mai takardar zama ta dindindin.

A nan ne ya kamata mai nema ya karanta takarda da idon basira, don yarjejeniya ce mai haƙora. A shirin biyan bashi na National Health Service Corps, wanda ya tsere kafin wa'adi zai mayar da kuɗin lokacin da bai yi ba, ya biya dala 7,500 a kan kowane watan da ya rage, ga kuɗin ruwa, kuma duk yadda lissafin ya kaya ba zai gaza dala 31,000 ba. Mace da mijinta ya samu aiki a wata jiha, ko mahaifiyarta ta kwanta ciwo a nesa, ba za ta tattara kayanta kawai ba. Dole ta nemi izinin sauya wuri ko a ɗage mata wa'adi.

A ganina, wurin da matsalar ta fi zurfi shi ne horon aiki. Ba a zama babbar nas da karatun aji kawai. Sai ɗaliba ta yi ɗaruruwan sa'o'i tana duba marasa lafiya a gaban gwani. Ka ɗauki ɗakin shan magani mai ma'aikaciya ɗaya, mutane cike da benci tun safe. In ta karɓi ɗaliba, kowane majiyyaci zai ci lokaci biyu: ɗaliba ta duba, ta fito ta yi bayani, sannan a koma tare. Wa zai biya wannan lokacin? Inshorar Medicare, wadda gwamnatin tarayya ke yi wa tsofaffi, tana kashe biliyoyin daloli duk shekara wajen horar da sabbin likitoci a asibitoci, amma manyan nas-nas ba su da irin wannan rijiya.

An taɓa gwadawa. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta ware dala miliyan 200 don gwaji, aka fara a 2012 da asibitoci 5, ciki har da na Jami'ar Pennsylvania da na Jami'ar Duke, bisa sharaɗin a yi aƙalla rabin horon a cibiyoyin cikin al'umma. Ɗalibai sun ƙaru, amma da wa'adi ya cika ba a mayar da shi na dindindin ba. Abin da ke cike giɓin yanzu shi ne tallafin ANEW, wanda HRSA ke ba wa makarantu don su ƙulla hulɗa da asibitocin karkara, su tura ɗalibai can na tsawon lokaci, su kuma tallafa wa ɗaliban da kuɗi. Na fi yarda da wannan hanya. Wadda aka biya don ta je takan ƙirga watanni. Wadda ta tashi a karkara, ta koyi aikin a can, ta san tsohon manomin da ba ya zuwa asibiti sai ƙafa ta kumbura, ita ce ta fi yiwuwa ta zauna. Raunin tallafin ANEW shi ne duk shekara sai majalisa ta amince da kasafin.

Ga kuma sabon sauyi. Dokar haraji da kasafi da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta tanadi cewa daga 1 ga Yuli 2026 a rufe Grad PLUS, rancen da gwamnatin tarayya ke ba ɗaliban babban digiri, ga sabbin masu nema. Ɗaliban babban digiri za su iya ranto dala 20,500 a shekara, iyakarsu 100,000, su kuma masu karatun da aka kira na ƙwararru, kamar likitanci da lauya, 50,000 a shekara har zuwa 200,000. Jerin da ma'aikatar ilimi ta gabatar bai sa aikin jinya cikin na ƙwararru ba, abin da ya sa ƙungiyoyin nas-nas suka yi ca. Ɗalibar karkara da ba ta da mai tsaya mata a banki ita ce wannan iyaka za ta fara taɓawa.