Wuraren da aka ɗauki fim ɗin The Lord of the Rings

The Lord of the Rings fim ne mai kashi uku da darakta Peter Jackson ya shirya daga littafin J.R.R. Tolkien, ya fito a 2001, 2002 da 2003. Kaf ɗinsa a ƙasar New Zealand aka ɗauke shi, ƙasar shi daraktan, kuma an ɗauki kashi ukun ne a haɗe tun daga Oktoban 1999 har Disamban 2000, a wurare sama da 150.

Wurin da ya fi suna shi ne ƙauyen Hobbiton, mazaunin gajerun mutanen labarin da ake kira hobbits, kusa da garin Matamata a yankin Waikato. Asalinsa gonar tumaki ce, a 1998 aka hango ta daga sama ana neman wuri mai tuddai kore shar da tafki da ƙatuwar bishiya, sojojin ƙasar ma su suka yi hanyar shiga. Ginin farko na wucin gadi ne, da aka gama ɗauka aka rushe mafi yawansa, sai da aka zo yin fim ɗin The Hobbit aka sake gina shi da kayan ƙwarai don ya zauna. Yau akwai ƙananan gidaje 44 a jikin tudun, masu ƙofa zagayayya, amma fa yawancinsu fuska ce kawai, bayan ƙofar ba ɗaki. Tumakin kuwa suna nan suna kiwonsu.

Mordor, ƙasar mugu a labarin, a gandun Tongariro aka yi ta, inda duwatsu masu aman wuta suka bar ƙasa baƙa ƙirin. Dutsen Ngauruhoe shi ya tsaya a matsayin Mount Doom, dutsen wuta na labarin, sai dai ƙabilar Maori suna ɗaukar ƙololuwar duwatsun nan da tsarki, don haka abin da ake gani yana tafasa a fim aikin kwamfuta ne.

A tsibirin kudu na ƙasar akwai Mount Sunday, wani tudu shi kaɗai a tsakiyar kwarin Rangitata, duwatsu masu ƙanƙara kewaye da shi. Nan aka gina birnin Edoras, wata tara ana aiki, aka ɗauka aka kwashe komai, wanda ya je yanzu tudu da ciyawa kawai zai tarar sai iska mai kaɗa mutum. Haka abin yake a kusan ko'ina, don sharaɗin shi ne a mayar da wuri yadda aka same shi. Yaƙin filin Pelennor kusa da garin Twizel aka yi shi, Rivendell kuma, mazaunin mutanen da ake kira elves a labarin, a gandun Kaitoke da ke arewa da Wellington.

Abin da zai ba mutum mamaki, ganuwar Helm's Deep da birnin Minas Tirith duk a wani wurin fasa dutse aka gina su, Dry Creek, a gefen Wellington. Sitidiyon Weta kuwa yana unguwar Miramar a cikin Wellington, nan ake haɗa makamai da sulke da ƙananan samfurin gine-gine.