Kisan kiyashi daban, kisan ƙare dangi daban

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ci karo da kalmar "genocide" ba. Ta fara cika kunne tun da Afirka ta Kudu ta maka Isra'ila a Kotun Duniya a Disambar 2023 kan Gaza, sai kuma a ƙarshen 2025 wasu 'yan siyasar Amurka suka ɗauko ta suka liƙa wa Najeriya, bisa zargin ana yi wa Kiristoci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fassararta. Mai gabatar da labarai zai ce kisan kiyashi da safe, da yamma ya ce kisan ƙare dangi, kamar duk kanwar ja ce.

Wutsiyar kalmar, wato "cide", daga Latin take, daga wani aikatau mai ma'anar sara ko yanka ko kisa. Manomi ya san ta ko bai taɓa shiga aji ba: a jikin galan ɗin maganin ciyawa an rubuta "herbicide", a na ƙwari "insecticide". "Suicide" kashe kai, "homicide" mutum ya kashe mutum, "infanticide" kashe jariri. Har "decide" 'yar gidan ce, asalinta yankewa, kuma abin sha'awa mu ma yanke shawara muke cewa, alƙali ya yanke hukunci. Amma "coincide" kama ce kawai ta haɗa su, tushenta faɗuwa ne, babu ruwanta da wuƙa.

Ita kuwa "genocide" an san wanda ya raɗa mata suna. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Poland, Raphael Lemkin, shi ya ƙera ta a 1944, lokacin da 'yan Nazi ke hallaka danginsa. Ya ɗauko "genos" daga Girkanci, ma'ana dangi ko ƙabila, ya jona mata waccan wutsiya. Ya yi ta safa da marwa tsakanin jakadu har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi ranar 9 ga Disamba 1948. Ga inda gizo ke saƙar: yarjejeniyar ba ta ƙayyade adadin gawa ba. Niyya ta kama. Sai an tabbatar mai aikin ya ƙudurta shafe wata al'umma, duka ko wani sashe nata, saboda ƙasarsu, ƙabilarsu, launinsu ko addininsu. Kuma ba kisa kaɗai ba: hana su haihuwa, ƙwace 'ya'yansu a mayar da su cikin wata al'umma, ko jefa su cikin halin da aka tsara don ya ƙarar da su, duk suna ciki. 'Yan jam'iyyar siyasa ba sa cikin jerin, wanda a ganina babban giɓi ne.

Shi ya sa na ce duk wanda ya fara cewa "kisan ƙare dangi" ya iya Hausa. Niyyar tana cikin sunan, so ake dangin ya ƙare. Kiyashi kuwa ƙananan tururuwan nan ne da ke yanyame sukari, ka sa tafin hannu ka murtsuke ɗari a lokaci guda. Kisan kiyashi yana nuna yawa da rashin tausayi, bai ce komai a kan dalili ba. A Ruwanda a 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, akasarinsu 'yan Tutsi, nan duka biyun sun haɗu. A Srebrenica ta Bosniya a Yulin 1995 maza manya da yara kimanin 8,000 aka kashe, amma kotu ta ce ƙare dangi ne, domin Musulmin garin ake son shafewa. A Darfur kuwa, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2005 an yi ta'asa mai muni amma bai ga manufar ƙare dangi daga gwamnati ba, sannan a 2010 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ƙara wa Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, wannan tuhuma. Masana shari'a ma kansu ya rabu, balle mai sharhin minti biyar.

Na san abin da ke sa mutane rige-rigen kalmar. Wanda aka ƙona ƙauyensu a Zamfara, ko Filato, ko Binuwai, ko Borno, gani yake idan bai kira abin da suna mafi girma ba duniya ba za ta waiwaye shi ba, kuma ba na ganin laifinsa. Laifin na ɗan siyasa ne da mai riƙe da makirufo, waɗanda suka san da zarar an furta ta, gardama ta koma kan su wane ne aka fi kashewa, a bar maganar wanda ya yi kisan. Alhali dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka kuma Najeriya ta shiga a 2001, tana da laifin cin zarafin bil'adama: kai wa fararen hula hari a faɗaɗe ko a tsare. Ba ya buƙatar a tabbatar da niyyar shafe wata ƙabila, kuma hukuncinsa kan kai ɗaurin rai da rai.